Yadda na nema wa Guguwa gida

Ranar da na dawo daga aiki na tarar an fatattaka soson kujerar falo, gutsi-gutsi tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin tebur, ranar na san karena Guguwa ba zai zauna a wurina ba. Yana tsaye a tsakiyar ɓarnar da guntun soso maƙale a haƙori, yana kaɗa wutsiya har da ƙugu, kamar wanda ya yi aikin kirki yana jiran a yaba masa. Ban dake shi ba. Zama na yi a ƙasa na jingina da bango, shi kuma ya zo ya ɗora mini kai a cinya. Sati biyar ke nan da na tsince shi.

A ƙarƙashin wata babbar mota da aka daɗe da yasarwa na gan shi. Haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwa cike da kaska, ga guntuwar igiya a wuya da ta fara cin fata. Da ganin igiyar ka san ya taɓa zama na wani: an ɗaura masa ita yana ɗan kwikwiyo, wuya ya yi ta girma, igiya tana nan yadda take. Na kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan ya buɗe bakinsa ya nuna mini haƙoran manya sun gama fitowa, guda 42, farare tas ba ko tabo. Ya ce kare kan gama sake haƙori wajen wata 6 zuwa 7, don haka wannan bai wuce wata 8 zuwa 10 ba. Ya bi tsakanin kafaɗunsa da wata na'ura ko akwai ɗan maikurocip ɗin nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake saka wa dabba ƙarƙashin fata, wanda ke ɗauke da lambar da za a gane mai ita. Babu. Aka ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, daga baya aka yi masa rigakafin ciwon haukan kare da na wasu cututtukan karnuka biyu da ake kira fabo da distemfa. Na yi cigiya sati biyu, ba wanda ya zo.

Ina ta yaba wa likitan natsuwarsa, don a kan tebur ko motsi bai yi ba. Likitan ya yi murmushi ya ce, "Malam, yunwa ce ta kwantar da shi. Bari ya ƙoshi tukuna."

Ya kuwa ƙoshi. A sati na uku na raɗa masa suna Guguwa, kuma duk wanda ya gan shi bai tambayi dalili ba.

Ba tsantsar wani iri ba ne, amma akwai jinin karnukan kiwo a jikinsa, ba sai an faɗa ba. Idan ya hango keke ko yara suna gudu, sai ya sunkuyar da kai, ya maƙale ciki da ƙasa, ya kafe su da ido, sannan ya zagaya ta gefe yana neman tare gabansu. Haka karen da ake kira Boda Koli yake yi wa tumaki, wanda makiyayan kan iyakar Ingila da Sikotilan suka yi shekaru aru-aru suna zaɓen irinsa don ya wuni a kan tuddai yana tattaro garke. Irin wannan kare aka zuba a ɗaki biyu da falo, wurin mutumin da ke fita da safe ya dawo bayan awa goma, mai gwiwar da ke ƙara idan zai hau matakala. Ga shi kuma a shekarun tashe. Tsakanin wata 6 da wata 18 kare yana cikin ƙuruciyarsa, ƙarfi ya zo hankali bai iso ba, abin da ya koya jiya yau ya yi kamar bai taɓa ji ba. Masu aikin ceton karnuka sun san lokacin sarai, don a nan ne mutane da yawa ke sarewa su rabu da karen da suka ɗauko yana ɗan ƙwal abin sha'awa.

Dabarata ta farko ita ce in gajiyar da shi. Kullum da asuba da kuma bayan na dawo, sai in kai shi fili in yi ta jefa masa ƙwallo, sau hamsin, sau sittin, har kafaɗata ta riƙe. Ya dawo gida yana haki, harshe har ƙasa, ya sha ruwa, bayan minti ashirin ya miƙe kamar ba a yi komai ba. Wata mata da ta daɗe tana aikin sa kai a wata ƙungiyar ceton dabbobi, wadda likitan ya haɗa ni da ita, ita ta fara buɗe mini ido. Anti nake ce mata, don ta girme ni nesa ba kusa ba. Da na ba ta labarin ƙwallon sai ta yi dariya ta ce, "Ai ba gajiyar da shi kake ba, ɗan tsere kake horarwa. Yau hamsin, wata mai zuwa ɗari ma ba za ta ishe shi ba." Ta kuma ja mini kunne cewa ƙasusuwan kare mai girmansa ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don haka yawan tsalle da birki da dogon gudu a kan kwalta suna iya taɓa masa gaɓoɓi.

Ta ce in daina ba shi abinci a kwano. In watsa shi cikin ciyawa ya nema da hanci. Na ga kamar wasa ne, amma na gwada. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200, namu kuwa ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, kuma aiki da hanci yana cin ƙarfin kare ta inda gudu ba ya kaiwa. Ranar farko ya yi kusan minti ashirin yana bin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, wutsiya a sama, yana huci. Muna shiga gida ya zube ya yi barcin awa biyu. Tun da na tsince shi ban taɓa ganin ya yi barci da rana ba, alhali kare lafiyayye kan yi awa 12 zuwa 14 yana barci a kwana guda. Ashe rabin matsalarsa bai iya hutawa ba ne.

Wannan ya sassauta al'amura, amma bai rage awa goman da nake yi a waje ba. Ranar soso ta zo duk da haka. Da daddare na kira Anti na ce zan nema masa gida, ina magana ina jin kunya kamar na ci amana. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma zarge ni ba. Cewa ta yi in rubuta tallar in turo mata kafin in saka ko'ina.

Abin da na rubuta ya fi kama da yabon ɗan takara. Kyakkyawan kare, mai son wasa, mai son mutane, an yi masa duk allurai, kyauta ga mai so. Ta kira ni ko minti biyar ba a yi ba.

"Ina maganar kujera?"

Na ce idan na saka wa zai ɗauka.

"Wanda ya dace ya ɗauka. Shi ɗaya kake nema ai, ba mutum talatin ba."

Ta sa na goge kalmar kyauta ma. Ta ce kare na banza kowa yana so, har da mai niyyar sayar da shi gobe, da mai neman na faɗan karnuka, da wanda zai ɗaure shi a turke ya mance da shi. A sa ɗan kuɗi ko da na alluran da aka kashe ne, mai wasa zai janye da kansa. Ban ji maganarta gaba ɗaya ba. Na saka tallar farko a Facebook a ɓoye, don ina ganin ta cika tsanani. Cikin kwana biyu saƙo ya fi talatin, kusan duka iri ɗaya: yana nan? nawa ne? yana cizo? Wani ya tambaya ko ya iya gadi, wai yana so ya ajiye shi a wurin ajiyar kayansa. Na cire ta, na koma na rubuta ta gaskiya. Na ce yana buƙatar fita sau biyu a rana, aƙalla awa biyu jimla, da aikin hanci ko horo a kan haka. Na ce yana bin keke da yara masu gudu. Na ce idan aka bar shi shi kaɗai fiye da awa huɗu yana ɓarna, kuma ya taɓa cinye kujera. Na ce yana jan igiya, yana tsallake katangar da ba ta kai tsayin mutum ba. Na kuma faɗi na kirkin, cewa bai taɓa yi wa mutum gurnani ba, yana koyon abu a gwaji uku, yana shiga mota ya kwanta lafiya lau. Mutum bakwai suka amsa.

Kafin nan an yi masa fiɗiya, bisa shawarar likita. Na sa rai za ta rage masa zafi. Ta hana shi haihuwar wasu irinsa a titi, wannan kam, amma kwana goma da warkewa ya koma Guguwarsa.

Tambaya ɗaya Anti ta koya mini wadda ta fi duk sauran amfani. Kada ka tambayi mutum ko yana son motsa jiki, kowa zai ce eh. Ce masa ya ba ka labarin ranar Talatarsa, daga tashi har kwanciya. Talata ba ranar hutu ba ce, ba ranar da mutum ke burin zama wani ba ce. Wani saurayi mai fara'a ya ce mini da ya samu kare zai fara gudun safe, ya ma sayi takalmi. Na tambaye shi yaushe rabonsa da gudu, ya yi shiru, sannan muka yi dariya tare. Ni ban ga laifinsa ba, ni ma na taɓa sayen irin wannan takalmin. Wata kuma tana gudu da gaske, kilomita goma sau uku a sati, amma aikinta na tafiye-tafiye ne, takan yi kwana huɗu ba ta gida, kuma ba ta da amsar wa zai riƙe shi. Biyu sun ɓace da na ambaci zan zo in ga gida.

Sai ga wani magidanci da iyalinsa. Gida babba, fili kamar na ƙwallo, katanga doguwa, yara uku, ƙaramin ɗan shekara huɗu. Da na ga filin sai na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Na yi tambayar Talata, amsar ba ta yi daɗi ba: shi yana fita tun da duhu, matar tana aiki, yara suna makaranta, karen zai wuni a fili. "Ga wuri nan, sai ya yi ta gudu," in ji shi. Na san ba haka kare yake ba. Kare ba ya gudu shi kaɗai a fili don lafiyarsa, zama yake a bakin ƙofa yana jiran mutum, in ya gaji da jira ya nemi abin yi. Na sani, Anti ta faɗa mini, na ma rubuta a tallata cewa yana bin yara. Amma na gaji. Wata uku ban yi barcin kirki ba, mai gidan da nake haya ya fara magana, kuma mutanen suna da kirki. Na ba su shi.

Abu ɗaya da na yi daidai shi ne takardar da muka sa wa hannu: gwajin sati biyu, kuma ko bayan shekara nawa ne, in sun kasa, wurina za su dawo da shi, ba za su bayar ko su sayar ba.

A kwana na tara aka kira ni. Ya tona rami a gindin katanga har kansa yana shiga. Ya tumɓuke shuke-shuken matar. Da yamma kuma yaran suna guje-guje, ya yi abin da jininsa ya gaya masa, ya zagaya ya tare su, ya kai wa ƙaramin baki a dunduniya. Bai huda fata ba, amma yaron ya firgita, kuma uwarsa ta yi gaskiya da ta ce ba zai ƙara kwana ba. Da na je ɗaukarsa magidancin yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na san ni ne mai ba da haƙuri. Guguwa ya dawo ya fi da rikicewa. Kwana uku ko banɗaki na shiga sai ya zauna a ƙofa yana kuka. Anti ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa kawai ta yi kowane komawa da dawowa yana barin tabo, kada in sake sai na tabbata.

Cikin mutum bakwai ɗin akwai wata da na tsallake tun farko. Ta rubuta cewa shekarunta 58, tana ɗinki a gida, tsakar gidanta ƙarama ce. Ina karanta wannan na wuce. Bayan dawowarsa, don ba ni da sauran zaɓi, na kira ta. Ban kai ga tambayar Talata ba ta fara jero mini nata tambayoyin. Me yake yi idan ya ji tsoro, gudu ko tsayawa? Idan yana cin abinci aka matso, jikinsa yana sandarewa? Ya san a ce masa kwanta ya kwanta, ko sai ya gaji? Da na ba ta labarin yaron, ba ta ce subhanallahi ta kashe waya ba. Ta tambaya a ina ya kai bakin, dunduniya ko hannu ko fuska. Na ce dunduniya. Ta ce, "To, kiwo yake. Ba a ba shi tumaki ba ya samo nasa."

Ashe ta yi shekara goma sha uku da wata karya irin wannan, wadda ta mutu bara. Kullum da sassafe tana tafiyar awa ɗaya da rabi a bakin wani daji kusa da ita, tun kafin ta yi karyar, kuma bayan mutuwarta ba ta fasa ba. Da yamma ɗanta, wanda ke zaune kusa, yakan fita gudu. Sauran wunin tana kan keken ɗinki, ƙofa a buɗe. Jikokinta sun girma, ƙaraminsu yana sakandare.

Ba a gidana muka fara haɗuwa ba, ba kuma a nata ba. Ita ta zaɓi wani fili da Guguwa bai sani ba, ta ce in zo da doguwar igiya mai mita goma. Da muka iso ya yi kanta da tsalle kamar yadda yake yi wa kowa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya masa gefe, ta harɗe hannu, ta ci gaba da gaisawa da ni. Ya yi tsalle sau uku, huɗu, ya ga ba riba, ya tsaya yana kallonta da kai a karkace. Ƙafafunsa huɗu suna taɓa ƙasa ta sunkuya ta miƙa masa wani abu daga aljihu, ba ta ce uffan ba. Muka fara tafiya, igiya a hannuna, ita a gefe. Bayan kamar minti goma ta miƙo hannu na ba ta. Duk sanda ya ja sai ta tsaya cik kamar an dasa ta, sai igiya ta saki sannan ta ɗaga ƙafa. Tafiyar da nake yi a minti biyar ta ɗauke mu rabin awa. Ni har na ƙosa, ita ko a jikinta.

Wani mai keke ya ɓullo daga nesa. Na ga kan Guguwa ya fara sauka, na buɗe baki zan gargaɗe ta, ashe ta riga ni gani. Ta watsa 'yan ƙwayoyin abinci cikin ciyawa a gabansa ta ce, "Nemo." Keke ya wuce, hancinsa yana ƙasa.

Na ce, "Mama, da na san haka da tuntuni na kira ki."

Ta ce, "Shekaruna ka gani, ko? Ba kai ne na farko ba, ɗana."

Sau uku muka haɗu kafin in kai shi. A na biyu ɗanta ya zo, muka yi maganar cewa gudu mai nisa sai ya cika shekara ɗaya da rabi, kafin nan tafiya da ɗan sassarfa a kan ƙasa mai laushi, kuma ba da tsakar rana ba, tunda kare ba ya gumi kamar mu, haki ne kusan duk abin da yake da shi na sanyaya jiki. A na uku na je gidan. Tsakar gidan kuwa ƙarama ce da gaske, taku goma ka ƙure ta. Na duba katanga, na duba ƙofar waje, na nuna mata wata tazara a ƙarƙashinta da nake jin zai iya kutsawa, washegari ɗanta ya toshe da katako. Ta nuna mini inda zai kwana, wani lungu kusa da keken ɗinkin, inda tsohuwar karyar take kwanciya.

Ranar kai shi na tafi da katin alluransa, da bargon da yake kwana a kai ba tare da na wanke ba, da abincin sati guda irin wanda ya saba, don canza wa kare abinci farat ɗaya yana ɓata masa ciki, sai an riƙa gauraya sabo da tsoho a hankali. Maikurocip ɗin da likita ya saka masa daga baya da sunana, muka bari sai gwaji ya cika a mayar da sunanta. Muka sa hannu a takarda irin ta wancan karon. Ban tsaya dogon sallama ba, ita ta ce kada in tsaya. Ina tada mota ina jin kukansa.

Masu wannan aiki suna da wani lissafi da suke yi wa sabon gida, ba doka ba ce, abin da suka saba gani ne: kwana uku na ruɗewa, sati uku na gane tsarin gida, wata uku kafin kare ya saki jiki ya san nan ne nasa. Guguwa ya bi lissafin kusan daidai. Kwana biyu bai ci abinci ba. Na kira a rana ta uku cikin fargaba, ta ce ya ci da safe, in kwantar da hankalina, kuma kada in zo yanzu, zan dawo masa da aiki baya. A sati na uku wayata ta yi ƙara da sunanta, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Ashe tef ɗin awonta ya tauna, da takalmin wata mai kawo ɗinki. Tana faɗa tana dariya, wai ta gan shi yana shinshinar takalmin, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan, ita ce ta yi sakaci. Ta biya takalmin, ta sa ƙugiya a bango ta rataye tef.

Sai da wata uku ta cika ta ce in zo. Ina taɓa ƙofa na ji haushinsa, ya ƙara kauri. Ya fito ya yi kaina, ya zagaye ni sau biyu, ya shinshina gwiwata da aljihuna, wutsiya kamar za ta tsinke, amma ƙafafunsa ba su bar ƙasa ba. Ya yi ƙiba daidai, gashin wuyansa ya rufe inda igiya ta ci. Muka zauna, ta kawo mini ruwa, ta koma kan keke don tana da ɗinkin da za a karɓa da yamma. Na kira shi ya zo kusa da ni, ya zo, na sosa masa bayan kunne. Keken ɗinki yana fara ƙara ya zame daga hannuna, ya tafi lungunsa, ya juya sau biyu a kan tsohon bargon, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafarta ta hagu, wadda ba ta taka feda da ita. Kafin in shanye ruwan ya fara minshari.